Katantanwar da ta cika ruwan tsibiran Dungunab: daga ina yawanta, kuma za ta jure ɗiba?

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu ɗan Mai Wurno, wanda ya tashi yana su a Shuɗin Nilu, yaƙi kuma ya kawo shi Bur Sudan. Ya ce ya bi wasu masunta a kwalekwale zuwa tsibiran da ke arewa, wajen Dungunab, ya ga ruwa iya ƙugu, garau, ƙasansa shimfiɗe da katantanwa da kawa iri-iri, alhali a bakin ruwan cikin gari ba ya ganin komai sai ɓawo. Yana so ya san dalili, yana kuma so ya san ko mutum zai iya mai da ɗibarsu sana'a, tunda ya ji kuɗin da matan turare suke biya a kan dufra, wato farcen katantanwar teku da ake sakawa a turare.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Zan fara da abin da zai ba ka mamaki: ruwan da ka gani garau ɗin nan ruwan yunwa ne. Kai da ka saba da Nilu ka san ruwan damina ja ne, ɗauke da laka daga duwatsun Habasha, kuma wannan lakar ce take ciyar da kifi. Bahar Maliya ba ta da kogi ko ɗaya da yake zuba a cikinta duk shekara, sai kwaruruka irin su Arba'at da Baraka da suke kawo ruwa in an yi sama. Rana kuma tana shanye kusan mita 2 na ruwanta kowace shekara. Shi ya sa gishirinta ya kai giram 40 a kowace lita, alhali na manyan tekunan duniya wajen 35 ne, cikin gaɓar Dungunab ma ya ɗara haka saboda ruwan a tsare yake. Ɗan abincin da take samu yana shigowa ne ta mashigar Babul Mandab daga tekun Adan, don haka kudancinta, wajen tsibiran Farasan na Saudiyya da Dahlak na Eritiriya, ya fi namu kauri da ƙananan halittun da suke yawo a ruwa. Kafin ruwan ya iso gabanmu an tace shi. Kana hango ƙasa daga cikin kwalekwale ne saboda babu wani abin kirki a tsakani.

To in ruwan babu abinci, me yake riƙe da wannan taro? Rana ce, da kuma iya tattali. Murjani dabba ne, amma a cikin namansa akwai wata gansakuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, tana karɓar hasken rana tana haɗa abinci, tana ba shi, shi kuma yana ba ta masauki da abin da jikinsa ya fitar. Babbar kawar nan mai baki kamar an yi masa ado da shuɗi da kore, wadda take maƙale a cikin dutse tana buɗe da sama, ita ma haka take rayuwa.  Shi ya sa ba ka samunta a zurfi mai duhu. Abin da wannan ya kayar, wancan ya tsince, kusan babu abin da yake salwanta. Irin wannan tsari yana iya tara dukiya mai yawa a wuri guda, amma a hankali yake tarawa. Abin da idonka ya gani a tsibirin nan rumbu ne da aka yi shekaru ana zuba masa da ɗan mudu, mai ɗiba da buhu kuwa zai ga ƙasansa kafin kaka ta zagayo.

Dalili na biyu shi ne yanayin ƙasan ruwan. In ka koma, ka lura da abin da ƙafarka take takawa daga bakin gaɓa zuwa inda ruwa ya yi shuɗi. Za ka fara da taɓo a gindin itatuwan shora masu tsirowa cikin ruwan gishiri, inda kaguwa da ƙananan dodon koɗi suke. Sai rairayi, wanda kake gani kamar babu kowa, amma in ka tona taki ɗaya za ka tarar da kawa masu ɓuya da tsutsotsi. Sai fadamar ciyawar teku, wadda ciyawa ce ta gaske mai saiwa da fure, a nan surumbak, wani babban dodon koɗi, yake kiwo, a nan kuma kawar nan mai kama da fatanya take tsaye da tsininta a cikin ƙasa. Sai tsakuwar mataccen murjani, inda katantanwar wuri, irin na kuɗin da, take ɓuya da rana. Sai faƙon dutse da igiyar ruwa take duka, gidan kokiyan, dodon koɗi mai siffar malfa, wanda yake kankare gansakuka. Daga nan sai gangaren murjani mai rai. Duk wannan a cikin tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallacin unguwa ba. Kowane wuri da masu shi, kuma da yawa daga cikinsu suna ƙuruciya a wani wurin su girma a wani. Tsibiri mai ruwa marar zurfi yana haɗa su duka kusa da juna, ga kuma kariya daga iska ta ɓangare guda. Wannan haɗuwar ce take kawo yawan iri. A Bahar Maliya an ƙirga kifi fiye da iri 1,000 da murjani sama da iri 300, kuma kaso mai kyau na kifin ba a samunsa a wata teku.

Wani abin da ya keɓanta da gaɓarmu: tsakanin Bur Sudan da Jidda ruwa kusan ba ya hawa da sauka kullum kamar yadda yake yi a Legas ko Mombasa. Canjin da muke gani na shekara ne, da sanyi ruwa ya hau, da zafi ya ja baya, har faƙon murjani ya kusa fitowa fili. A watannin zafin nan ɗiba take da sauƙi, yaro ma zai cika bokiti, kuma a lokacin ne dabbobin suke cikin wahalar zafi da gishiri. Ɓarnar da ta fi yawa a nan take faruwa.

Dalili na uku shi ne wanda ka riga ka zata: nisa da mutane. Dungunab tana wajen kilomita 125 arewa da Bur Sudan, ruwan sha yana da wuya, ƙauyukan Dungunab da Muhammad Gol ƙanana ne, kuma mutanen Beja da suke wurin asalinsu makiyaya ne, raƙumi ya fi kifi daraja a idonsu. Tsibirin Mukawwar da ƙananan da suke kewaye da shi babu mazauna na dindindin. A cikin gari kuwa akwai tashar jiragen ruwa, da yashe ƙasa, da cike gaɓa don gini, da ruwan datti, da mai, ga kuma hannun jama'a na shekara da shekaru tun da aka kafa garin a farkon ƙarnin da ya wuce. Ambaliyar da ta fasa madatsar Arba'at a watan Agusta na 2024 ta nuna irin lakar da kwari ɗaya zai iya turowa teku, laka kuwa tana shaƙe murjani tana toshe wa kawa numfashi. Ɓawon da kake gani a bakin ruwan gari shaida ne cewa da can akwai su a nan ma.

Kada ka ɗauka cewa hannu kawai, ba injin ba taru, ba zai iya ƙarar da su ba. A 2008 masana suka bayyana wani irin babbar kawa a Bahar Maliya da ba a san shi daban ba a da. Da suka duba tsofaffin ɓawon da suke cikin duwatsun gaɓa, sai suka ga shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan kawar wancan zamani, yau kuwa bai kai kashi 1 ba. Raguwar ta faro ne wajen shekara 125,000 da suka wuce, kuma masu binciken sun danganta ta da mutanen farko da suka riƙa tsintar abinci a gaɓa, domin wannan irin a ruwa mafi ƙarancin zurfi yake zama. A ɗaya ɓangaren, a tsibiran Farasan da ke gaban Jizan akwai tulin ɓawo fiye da 3,000 da mutanen zamanin da suka bari, wasu sun fi mutum tsayi, na shekaru dubu biyar zuwa shida, akasarinsu na wani ƙaramin dangin surumbak, kuma har yau ana samun wannan ƙaramin a can. Ka ga bambancin: ƙarami mai saurin girma a ruwa mai abinci ya jure tsinta ta tsawon zamani, babba mai jinkiri bai jure ba. Duk maganar sana'ar da kake tambaya a kan wannan bambancin take tsaye.

Mu zo kan dufra, wato farcen da iyayenmu mata suke soyawa su daka a humra da turaren wuta. Murfin ƙofar dabbar ne, wanda take jawowa ta rufe kanta in ta shige ɓawo. Ana cire shi daga surumbak, da babban dodon koɗin nan mai yatsu, da wani mai ƙayoyi. Kowace dabba farce ɗaya gare ta, ba ya fita sai an kashe ta, kuma ba shi da nauyi, don haka kafin ka tara kilo guda ka hallaka ɗaruruwa. In ka je sansanonin masu wannan aiki a gaɓa za ka ga tsibin ɓawon da aka fasa ko aka dafa. Wasu suna shanya naman su kawo kasuwa, wasu ko wannan ba sa yi. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake ɗibar. Waɗannan dabbobi suna taruwa wuri guda ne in za su yi barbara su zuba ƙwai, mai tsinta kuma wannan taron yake nema domin a nan bokiti yake saurin cika. Wataƙila ma abin da ka gani ya burge ka irin wannan taro ne, na dabbobin da suka taso daga fili mai faɗi suka haɗu na ɗan lokaci. Wanda ya kwashe su a ranar ya kwashe na yankin gaba ɗaya, har da 'ya'yan baɗi.

Su kuma kawa da kokiyan matsalarsu daban ce. Ba sa barbara. Namiji da mace kowa yana sakin nasa a cikin ruwa ne, sai ruwa ya haɗa. In suna kusa da juna abin ya yi, in an tsince su har suka yi nisa da juna, ƙwan ya tafi a banza ko da sauran suna da lafiya. Saboda haka wuri yana iya mutuwa alhali kana ganin ɗaiɗaiku a cikinsa. Ƙari a kan haka, babbar kawa tana fara balaga ne a matsayin namiji, sai ta ƙara shekaru da girma kafin ta fara yin ƙwai. Kawar sadaf, mai yin lu'ulu'u, ita ma yawanci da namiji take farawa. Mai tsinta kuwa babba yake zaɓa. Ka ga ke nan uwayen ake fara kwashewa.

Kuma ba su kaɗai abin yake shafa ba. Kokiyan da ƙayar teku, wata dabba kamar ƙwallo da tsinkaye suka rufe, su ne suke kankare gansakukar da in ta yi yawa take rufe dutse ta hana sabon murjani zama. Tun daga ƙarshen 2022 wata cuta ta kashe baƙar ƙayar teku mai dogayen tsinke a wurare da yawa na Bahar Maliya, don haka masu kankarar sun riga sun ragu. Babban dodon koɗin nan mai kama da ƙaho, wanda ake sayar wa baƙi don ado, yana cikin 'yan ƙalilan da suke cin tauraron teku mai ƙaya, shi kuwa wannan tauraro murjani yake ci. Kokwambar teku, dabba mai laushi kamar ƙatuwar tsutsa, da 'yan kasuwa suke saya su busar su kai Asiya ita take juya rairayi tana tsabtace shi, kuma duk inda aka buɗe cinikinta a tekun nan cikin 'yan shekaru ta yi wuya. Ciyawar teku kuma abincin ayun teku ce, ɗan'uwan ayun da ake labari a Binuwai da Neja, kuma Dungunab tana cikin wurare mafi muhimmanci da suka rage masa a duniya.

Saboda waɗannan ne aka mai da yankin gandun da doka ta kare, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa Dungunab da Mukawwar, tare da tsibirin murjani na Sanganeb, cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan yana nufin ɗiba don kasuwa a can ba abin da mutum zai tashi kawai ya fara ba ne. Sai ka bi ta hukumar kula da namun daji da ta kamun kifi ta jihar Bahar Maliya. Babbar kawa kuma tana cikin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, fitar da ɓawonta waje ba takarda laifi ne. Bayan dokar gwamnati akwai ta mutanen wurin. Beja suna da al'adarsu ta sanin wane yanki na wace zuriya ne, har bakin ruwa. Mu Hausawa mun daɗe a wannan gaɓa, kakanninmu ta Sawakin suka riƙa tsallakawa aikin hajji, wasu suka zauna, kuma abin da ya zaunar da su lafiya shi ne ba su shiga hurumin kowa ba sallama. Baƙo da rikici ya koro ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: ci da iyali, e, sana'ar farce ko ɓawo daga tsibiran nan, a'a. Shekara biyu ko uku za ka ji daɗinta, sannan ka fara ƙona mai kana neman tsibiri na gaba. In don miya ce, a inda aka yarda, ɗauki surumbak wanda leɓen ɓawonsa ya buɗe ya yi kauri, domin wannan ya gama girma, mai siririn leɓe yaro ne. Inda ka ga sun taru suna hawan juna, ko ka ga zaren ƙwai a kan rairayi, ka wuce. Dutsen da ka ɗaga ka mayar da shi yadda yake, domin abin da ke ƙarƙashinsa rana tana kashe shi. Babbar kawa kuwa ka bar ta inda take. Ta fuskar addini babu damuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya abincin teku halal ne duka, ko da wasu dattawanmu suna ƙyamar abin da ba kifi ba.

Akwai hanyar da na fi so matasa irinku su sa ido a kai, kuma a Dungunab ɗin aka fara ta. Wani Bature masanin halittun ruwa, Cyril Crossland, ya zauna a can daga wajen 1905 zuwa 1922 yana kiwon kawar sadaf mai baƙin leɓe. Ya lura cewa gaɓar tana tara 'ya'yan kawa da yawa saboda ruwanta a tsare yake, sai ya riƙa rataya musu abin da za su manne a kai, in sun ɗan tasa a mayar da su cikin raga don kifi kada ya cinye, a bar su su girma. Ɓawon ake nema a lokacin, don maɓallin riga da ado, lu'ulu'u kuwa sai wanda Allah ya ba. An sake tayar da aikin a wajen 1960 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, iyalai suka riƙa riƙe gonakinsu a ruwa. Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba: a 1969 da 1973 kawar ta yi mutuwar ɗumbu a gonakin, maɓallin roba kuma ya karya farashin ɓawo a duniya. Amma hikimar tana nan daram. Cikin miliyoyin ƙwan da kawa take saki, kusan duka mutuwa suke don ba su sami wurin mannewa ba ko an cinye su, mai kiwo kuwa waɗannan yake ceto, bai taɓa uwayen ba. In abin ya ja hankalinka, ka je tsangayar kimiyyar teku ta Jami'ar Bahar Maliya a nan Bur Sudan ka nemi masu wannan fanni.

Kafin nan, ga abin da za ka iya yi da kanka in ka sake samun tafiya, wanda kusan shi muke yi da sunan bincike. Nemi igiya mai tsawon mita 50, ka shimfiɗa ta a ƙasan ruwa, ka bi ta da gilashin nutso kana ƙirga duk mai rai da ke cikin mita 1 dama da hagu. Kula, ɓawon da yake tafiya ba lallai mai shi ne a ciki ba, sau da yawa wata ƙaramar kaguwa ce ta tare a gidan mamaci, sai ka juya ka ga farce ne a ƙofar ko ƙafafu. Rubuta manya nawa, ƙanana nawa. Wurin da yake da lafiya za ka ga kowane girma a cikinsa. In duk ƙanana ne, an riga an tsince shi. In duk manya ne babu yara, haihuwa ta tsaya. Ka yi haka a tsibirin, ka yi a gaɓar da mota take isa, ka kuma maimaita da sanyi da zafi, za ka ga ko taron da ka gani mazauna ne ko masu wucewa.

Ka kuma kiyaye jikinka, domin ɗan kogi bai san haɗarin teku ba. Akwai katantanwa mai siffar mazurari, santsi, da zane mai kyau kamar an saƙa. Tana da allurar dafi da take harbowa ta tsinin bakinta, wasu irinta sun kashe mutane, kuma babu maganin karya dafin. Kada ka ɗauke ta da hannu, kada ka sa ta a aljihu. Kada ka shiga ruwan nan ba takalmi mai kaurin ƙasa, saboda kifin dutse da yake kwance kamar tsakuwa. In ya soki mutum a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi iya yadda fata za ta jure, a nufi asibiti. Kawa tace ruwa take yi, duk abin da ke cikinsa yana taruwa a cikinta, don haka ta kusa da tashar jirage ko bakin magudanar gari ba ta ciyuwa, balle a lokacin da kwalara take yawo. In kuma ka ga ruwa ya sauya ya yi ja ko ruwan ƙasa, ko kifi yana mutuwa a gaɓa, ka bar cin kawa na makonni, domin irin wannan gubar tafasa ba ta kashe ta.